Ƙwaron da Ya Yi Shekara 400 Kafin Ya Cim ma Bishiyarsa

A shekarar 1986 wasu masana ƙwari biyu, Gerfried Deschka ɗan ƙasar Ostiriya da Nenad Dimić na Yugoslabiya ta wancan zamani, suka wallafa bayanin wani ɗan mitsitsin faɗa-wuta da babu sunansa a kowane kundi. An tsince shi ne a jikin wasu bishiyoyin ado masu suna Aesculus hippocastanum da aka dasa a kewayen tafkin Ohrid, a ƙasar da yau ake kira Masadoniya ta Arewa, dab da iyakar Albaniya. Suka raɗa masa suna Cameraria ohridella, suka jingina shi ga tafkin. Irin wannan bayani yakan fito da yawa kowace shekara, 'yan tsirarun da aikinsu ke nan su karanta, su ajiye. Wannan karon abin ya sha bamban. Kafin a yi shekara ashirin, da wuya ka shiga babban birni a tsakiyar Turai cikin watan Agusta ba ka ga aikinsa ba: jerin manyan bishiyoyi a bakin titi, ganyensu duk ya ƙone ya koma ruwan ƙasa, alhali maƙwabtansu na nan kore shar.

Duk wanda ya buɗe kundin ƙwari zai ga kowane jinsi an ba shi layi uku: ga danginsa, ga kamanninsa, ga inda ake samunsa. Layi na ɗaya da na biyu sukan zauna daram. Na ukun ne ke da rikici, kuma a kan wannan ƙwaro sai da masana suka yi fiye da shekara ashirin suna ja-in-ja kafin a san bakin zaren.

Shi dai ɗan babban rukunin nan ne da ake kira Lepidoptera, wanda ya haɗa malam-buɗe-littafi da faɗa-wuta baki ɗaya. Jinsunan da aka yi wa suna a rukunin sun haura 150,000, kuma malam-buɗe-littafi da kowa ya sani ba su wuce 20,000 ba a ciki. Sauran duk faɗa-wuta ne, mafi yawansu kuwa ƙanana ne da ido ba ya ko tsayawa a kansu. A cikin waɗannan ƙananan akwai dangin Gracillariidae, mai jinsuna kimanin 2,000 da aka sani, wanda Henry Stainton, masanin ƙwari ɗan Ingila, ya ware a 1854. Sana'ar dangin ɗaya ce kusan duka: tsutsarsu ba ta cin ganye daga waje, shiga cikinsa take yi ta haƙa rami tsakanin fatar sama da ta ƙasa. Dangin ya rabu rassa, namu yana reshen Lithocolletinae, a gidan Cameraria, wanda Chapman ya kafa a 1902.

A wannan reshe akwai wani babban gida, Phyllonorycter, mai ɗaruruwan jinsuna, kuma 'ya'yan gidajen biyu sun yi kama ƙwarai. Yadda ake raba su abin sha'awa ne. Dukansu suna da fararen zane a fiffiken gaba, kowane zane da baƙin layi a gefensa. A gidan Phyllonorycter baƙin layin yakan kasance ta ɓangaren da ke fuskantar jikin ƙwaron. A gidan Cameraria kuwa yana ta waje, wajen bakin fiffike. Sai kuma ramin da tsutsa ke haƙawa. Yawancin 'yan Phyllonorycter ta ƙasan ganye suke shiga, su ja fatar da zare har ganyen ya tanƙware ya yi tudu. 'Yan Cameraria ta sama suke, raminsu kuma shimfiɗaɗɗe ne. Amma a ƙananan faɗa-wuta, launi da zane shaida ce kawai, ba hukunci ba. Hukuncin yana ga al'aura. Masani zai yanke cikin ƙwaron, ya jiƙa shi a sinadari, ya ɗora sassan a kan gilashi ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya zana siffarsu. Jinsuna biyu na iya sanye da riga iri ɗaya, amma wannan ɓangaren da wuya ya zo ɗaya. Daga 2003, lokacin da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo shawarar tantance dabbobi ta wani ɗan guntun DNA, sai aka ƙara da wannan ma'auni ma.

To, a nan matsalar farko ta ɓullo. Gidan Cameraria ba gidan Turai ba ne. Yawancin 'ya'yansa suna Arewacin Amurka, wasu a gabashi da kudancin Asiya. Kafin 1986 babu ko ɗaya da aka sani a nahiyar Turai, nahiyar da ta fi kowace a duniya yawan masu farautar faɗa-wuta da raga da fitila, inda aka shafe fiye da ƙarni biyu ana tankaɗe da rairaya. A ce ga sabon jinsi, daga gidan da ba a taɓa gani ba, kuma a jikin bishiyar da ke kowane dandali? Da yawa suka ce ai wannan baƙo ne, shigo da shi aka yi.

Kafin mu bi wannan zance, bari mu dubi ƙwaron da kansa.

Idan ya zauna ya naɗe fukafukai, tsawonsa bai wuce milimita 5 ba. Idan aka baje su, daga wannan baki zuwa wancan kimanin milimita 8 ne, wato bai cika santimita ɗaya ba. Da ido kawai, ɗan ɗigo ne mai ruwan ƙasa a jikin ɓawon bishiya. Sai ka sa gilashin ƙara girma sannan za ka ga ashe ɗan kwalliya ne. Fiffiken gaba ruwan ƙasa ne mai ja-ja, yana sheƙi kamar tagulla, an ratsa shi da fararen zane masu walƙiya, kowanne da baƙin layinsa ta waje. Na baya toka-toka ne mai duhu, siriri ƙwarai, an kewaye shi da dogon geza na gashi wanda ya fi fiffiken kansa faɗi. A kansa akwai tukku na gashi a tsaye, da zaren ji guda biyu da suka kusa kai tsawon fiffike. Ƙafafun farare ne masu baƙaƙen zobba.

Wannan gezar ba ado ba ce. Ƙwaro idan ya ƙanƙance haka, iska takan yi masa kauri, siririn fiffike mai geza ya ishe shi ya yi iyo a cikinta. Sai dai ba ya nisa. Da ƙarfin kansa daga wannan bishiya zuwa waccan ne. In ka gan shi can gaba, iska ce ta kwashe shi. A riƙe wannan, domin zai dawo idan aka zo batun yadda ya ratsa nahiya.

Rayuwarsa kusan duk a cikin ganye take. Bishiyarsa ita ce Aesculus hippocastanum, ƙatuwar bishiyar inuwa da kan haura mita 30, mai ganye kamar tafin hannu da 'yan yatsu biyar zuwa bakwai, mai fararen furanni da ke tsayawa cirko-cirko a watan Mayu. Daidai lokacin furen nan manyan ƙwarin ke fitowa, su taru a gindin bishiya da sassafe, su yi barbara. Macen kan saka ƙwai 20 zuwa 40, ɗaya-ɗaya, a saman ganye, galibi a gefen jijiya. Ƙwan bai kai rabin milimita ba. Idan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta fitowa fili ko na daƙiƙa ɗaya. Ta ƙasan ƙwan take hudawa ta faɗa cikin ganyen kai tsaye.

Tsutsar kanta an ƙera ta daidai da wannan matsattsen gida. A shimfiɗe take, ba ta da ƙafafu, kanta mai tsini ne kamar weji, bakin yana fuskantar gaba. Da farko ruwan ganyen take sha, ramin kuma ɗan ɗigo ne mai wutsiya. Da ta girma sai ta koma cin tsokar ganyen, musamman layin sama inda bishiya ke sarrafa hasken rana ya zama abinci. Ramin ya zama da'ira, daga baya ya miƙe tsakanin jijiyoyi biyu har ya kai 'yan santimita. Bayan ta yi saɓa huɗu, wani lokaci biyar, sai ta rikiɗe ta zama wata irin tsutsa daban wadda ba ta cin komai, aikinta saƙa kawai. Ta saƙa ɗan zagayayyen ƙunshi na zare a cikin ramin, ta kwanta a ciki. A lokacin zafi, bayan kamar mako biyu, abin da ke kwance zai huda fatar ganyen da tsinin kansa, ya leƙo rabi, sannan ƙwaron ya fice ya bar kwasfar a maƙale. Wanda ya ɗauki ganye ya duba da kyau zai ga waɗannan kwasfofi sun tsaya a jikin tabon.

Akwai cutar fumfuna mai suna Guignardia aesculi da ke yi wa ganyen bishiyar irin wannan tabo, kuma mutane sukan rikita su. Rabewar ba ta da wuya. A ɗaga ganyen a saitin rana. Idan ramin ƙwaro ne, haske zai ratsa, a ga tsutsar ko baƙin kashinta a ciki, kuma tabon yakan tsaya a bakin manyan jijiyoyi. Idan fumfuna ce, tabon ba ya barin haske ya wuce, yakan tsallake jijiya, kuma gefensa na da rawaya.

A tsakiyar Turai ƙwaron yakan yi zubi uku a shekara, wato sau uku ana ƙyanƙyashe sababbi su girma, a wurare masu ɗumi har huɗu ko biyar. Kowane zubi yana ninka na baya, shi ya sa a watan Yuni tabo ɗaya-ɗaya ne a ƙananan rassa, zuwa Agusta kuwa ganye guda na iya ɗaukar ramuka ɗaruruwa, su haɗe, ganyen ya bushe ya faɗi tun kaka ba ta zo ba. Daga kowane zubi wasu ba sa fitowa. Suna nan kwance cikin ƙunshinsu, su faɗo tare da ganyen, su yi hunturu a ƙasa, kuma suna jure sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili. Wannan busasshen ganye mai ƙwaro a ciki shi ne mabuɗin duk labarin.

Bayan Ohrid, wuri na gaba da ya ba kowa mamaki shi ne Linz a Ostiriya, a 1989, tazarar kusan kilomita dubu. Daga nan ya bazu ta ko'ina. A farkon shekarun 1990 ya shiga Jamus da Italiya da Hungari da Jamhuriyar Cek. A 2000 an tabbatar da shi a Faransa. A 2002 ya ƙetare teku, aka same shi a Wimbledon da ke kudu maso yammacin Landan. A 2005 ya isa Mosko, a 2013 Ailan. A Kyiv, birnin da ganyen wannan bishiya ya zama tambarinsa, nan ma ya yi sansani. An ƙiyasta cewa gabansa na matsawa kimanin kilomita 60 a shekara.

Ƙwaron da ba ya iya tashi mai nisa ba zai yi wannan tafiya da fukafukansa ba. Da aka dubi yadda ya bazu a Jamus, sai aka ga tsalle yake yi: ya bayyana a babban birni can gaba, sannan ya cike ƙauyukan da ke tsakani daga baya. Inda jama'a suka fi yawa, nan yake riga zuwa. Ma'ana mota da jirgin ƙasa ne ke ɗauke da shi. Babbar mota ta kwana a ƙarƙashin bishiya, busasshen ganye ya maƙale a jikin tamfol ko a gindin gilashi, gobe ta sauke shi a wata ƙasa. Ko kuma babban ƙwaron ya shige cikin mota ta taga. Ba a buƙatar fiye da haka.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma tambayar da ta dami masana ita ce daga ina. Wasu suka ce Arewacin Amurka, domin a can akwai ɗan uwansa, Cameraria aesculisella, wanda shi ma ke haƙa ganyen bishiyoyin gidan Aesculus. Wasu suka nuna gabashin Asiya, inda ake da 'yan gidan Cameraria da ke rayuwa a wasu bishiyoyi daban da ake kira Acer, suka ƙara da cewa namu ma yakan sauka a wasu bishiyoyin Acer idan ya yi yawa. Wataƙila daga can ya sauya sheƙa. Hujjar masu cewa baƙo ne tana da ƙarfi, ba a raina ta. Ƙwaro ɗan gida yakan kasance da maƙiyan da suka san shi, su riƙe masa wuya. Wannan kuwa kamar ba shi da mai tsawata masa. Akwai ƙananan ƙwari dangin zanzaro, jinsuna da dama, da ke saka ƙwai a jikin tsutsarsa, amma a yawancin wurare abin da suke kashewa bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Wani dalilin shi ne saɓanin lokaci: da yawansu sukan fito daga hunturu tun tsutsar ba ta samu ba, su watse neman wani abincin. Ƙananan tsuntsaye sun koyi yaga ramin su zaro tsutsa, amma cinsu bai taka kara ya karya ba.

Aka je Amurka aka duba, aka je Asiya aka duba, ba a same shi ba.

Amsar tana cikin tarihin bishiyar, wadda ita ma ta taɓa ɓatar da masana. Turawan yamma ba su san ta ba sai a ƙarni na 16, lokacin da ta zo musu ta hanyar Santambul, hedikwatar daular Turkawa. A 1576 masanin tsirrai Carolus Clusius ya samu irinta a Viyana daga hannun jakadan da sarkin can ya tura Santambul, a 1615 kuma ta isa Faris. Daga nan aka yi ta dasa ta a fadoji da lambuna da bakin tituna har ta zama bishiyar gari a duk nahiyar. Tun da ta gabas ta fito, sai aka ɗauka 'yar Asiya ce. Faransawa har yau da Indiya suke danganta ta. Sai a 1879 Theodor von Heldreich, Bajamushen masanin tsirrai da ya zauna a Atina, ya hau duwatsun tsakiyar Girka ya tabbatar da cewa ga ta nan a daji, ba wanda ya dasa ta. Asalinta ashe yankin Balkan ne: 'yan kurmi-kurmi a cikin kwazazzabai masu laima a Girka da Albaniya da Masadoniya ta Arewa, da wani ɗan yanki a Bulgeriya.

A 2009 wani bincike na ƙwayoyin halitta ya kwatanta ƙwarin da aka tattaro daga waɗannan kwazazzabai da na biranen Turai. A kwazazzaban an sami zuriyoyi iri-iri, wasu ma ba a samunsu sai a kwari guda. A birane kuwa, daga Viyana har Landan, kusan zuriya ɗaya ce ta mamaye ko'ina. Wannan alama ce da masana suka sani sarai: inda bambanci ya yi yawa, nan ne tushe; inda kowa ya zama iri ɗaya, 'yan ƙalilan ne suka yi ƙaura suka hayayyafa. Amma mai gardama zai iya cewa tsugune ba ta ƙare ba, tunda dai babu wanda ya taɓa ganin ƙwaron a can kafin shekarun 1970.

Sai ga David Lees da abokan aikinsa, ciki har da Walter Lack na lambun tsirrai na Berlin, da wata dabara mai sauƙi da aka daɗe ba a yi tunaninta ba. Manyan cibiyoyin tsirrai na Turai suna da rumbuna na busassun ganyaye: masani ya tsinko reshe, ya danne shi tsakanin takardu har ya bushe, ya manna shi a faifan takarda, ya rubuta wuri da kwanan wata. Miliyoyin irin waɗannan faya-fayai suna jere a kabad-kabad. Idan ƙwaron cikin ganye yake zama, to wanda ya danne ganyen ya danne shi tare. Suka bi rumbunan suna ciro duk faifan Aesculus da aka tsinko daga dajin Balkan. Sakamakon ya fito a 2011. Sun sami ramuka, sun sami busassun tsutsotsi a ciki, har sun iya ciro DNA daga wasunsu suka tabbatar Cameraria ohridella ne. A wasu ganyayen da aka tsinko a Albaniya a 1961 ramukan sun yi yawa irin na annoba. Mafi tsufa kuwa na 1879 ne, daga tsakiyar Girka, kuma wanda ya tsinko shi Heldreich ne. A tafiyar da ya gano asalin bishiyar, ya naɗo ƙwaron a cikin kayansa bai sani ba, shekara 107 kafin a sa masa suna.

A ganina wannan shi ne wuri mafi daɗi a labarin, kuma ya kamata a lura da abu guda: mai tsinkar ganye don ajiya yakan zaɓi mai lafiya ne, ya bar mai tabo. Idan duk da haka ramuka sun shiga rumbu, to a daji ba kaɗan ba ne. Masanin tsirrai ya ga tabo ya ɗauke kai domin ba fanninsa ba ne, masanin ƙwari kuma bai taɓa buɗe kabad ɗin ba domin ba ofishinsa ba ne. Shaidar ta yi fiye da ƙarni tana zaune a tsakiyar manyan biranen Turai, ana can ana nemanta a wasu nahiyoyi.

Da wannan sai guntayen suka haɗu. An fitar da bishiyar daga gida a matsayin iri, ƙwallo kawai, ba ganye. Ƙwaron kuwa ba ya cikin ƙwallo. Don haka ta yi shekara 400 tana yaɗuwa a Turai ba tare da shi ba, shi kuma yana can a killace cikin kwazazzabai da duwatsu suka raba da juna, inda ko jaki da ƙyar yake shiga. Bayanin da masu binciken suka bayar game da abin da ya sake shi shi ne hanyoyin mota, waɗanda ba su isa waɗannan lunguna ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20. Da hanya ta zo, ganye ya hau mota, ya sauka a garin da aka dasa bishiyar a bakin titi. Daga nan kuma babu abin da zai tsayar da shi, domin mutane sun riga sun jera masa abinci daga Balkan har Tekun Baltik.

Wannan ya sa kalmomin da aka saba amfani da su a layin "inda ake samunsa" suka gaza. Ɗan Turai ne, amma kuma mamaya yake yi a Turai. A Girka ɗan gida ne, a Jamus baƙo, alhali bishiyar da yake ci a Jamus ita ma baƙuwa ce da ta riga shi zuwa. Taswirar da ke nuna shi da shekaru a jikin kowace ƙasa tana gaya mana ranar da wani ya lura da shi ya rubuta, ba ranar da ya iso ba. Ko 1986 ɗin ma haka take. Iyakarsa ta gaskiya ita ce iyakar bishiyar, kuma ba kowace Aesculus ba. Akwai wata mai jan fure, Aesculus carnea, wadda aka samu ta hanyar auren ta Balkan da wata 'yar Amurka. Macen ƙwaron takan saka ƙwai a kanta, amma yawancin tsutsotsin sukan mutu tun suna ƙanana. A titi guda za ka ga mai farin fure ta ƙone ƙurmus, mai jan fure kusa da ita ko gezau. Ta Japan kuwa, Aesculus turbinata, ba ta tsira ba.

Game da ɓarnar, an yi zuzutawa a farko fiye da kima. An ɗauka bishiyoyin za su mutu, ba su mutu ba. Dalili shi ne lokaci: bishiyar takan yi yawancin girmanta na shekara da wuri, kafin ƙwaron ya yi yawa. Wani bincike da aka yi a Ingila na tsawon shekara goma bai ga ƙwaron ya rage kaurin gangar bishiya ba. Abin da ke kashe ta da gaske wata cuta ce daban ta bakteriya, Pseudomonas syringae, wadda ke sa ɓawo ya tsage yana zubar da baƙin ruwa. Ɓarnar ƙwaron da aka tabbatar biyu ce: muni, da ƙanƙancewar ƙwallo. Wani lokaci ma bishiyar da ta zubar da ganye da wuri takan ruɗe ta sake fure a watan Satumba ko Oktoba, sanyi ya zo ya ƙone shi.

An gwada magunguna. A 1999 masana a Prag suka gano sinadarin ƙamshin da mace ke fitarwa don kiran namiji, aka yi tarko da shi. Tarkon yana kama maza dubbai, yana da amfani wajen sanin lokacin da suka fito, amma bai rage su yadda za a gani ba. Feshi a kan bishiya mai mita 30 a tsakiyar gari kuwa ba abin da hukuma za ta so ba ne. Abin da ya fi aiki shi ne mafi araha: a share ganyen da ya zuba a kaka, a ƙone shi ko a binne shi ƙarƙashin ƙasa mai kauri. Bishiyar da aka share gindinta takan kai tsakiyar lokacin zafi da koren ganyenta, kafin ƙwarin maƙwabta su iso. Birane irin su Berlin sun yi ta gayyar jama'a aikin shara saboda haka. Wasu hukumomin kuma sun daina dasa mai farin furen, sun koma ga mai ja ko wasu bishiyoyin.

A birni ƙanƙancewar ƙwallo ba ta dami kowa ba sai yaran Birtaniya da ke wasa da shi, domin sabuwar bishiya daga gandun reno take zuwa. A kwazazzaban Balkan lissafin ya bambanta. Can babu mai dasawa. Kowace sabuwar bishiya sai ta tsiro daga ƙwallon da ya faɗo, kuma ƙaramin ƙwallo guzurinsa kaɗan ne. Bishiyoyin dajin dama ba su da yawa, kuma sara da kiwo da gobara da aikin hanya suna rage su. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya Aesculus hippocastanum ta daji cikin jerin jinsunan da ke fuskantar barazana, ta kuma lissafa wannan faɗa-wuta cikin abubuwan da ke yi mata illa.